Shimfiɗar da Ta Shiga Randa Sau Bakwai

Tokyo, 9 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Inna Tome,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana ya zo miki da sauƙi. Yaya gwiwa? Ki gaishe mini da Yaya Shigeru da iyalinsa. Ni lafiyata ƙalau, ban da tarin da duk mai shaƙar iskar Tokyo yake yi. Tuffar da kika aiko ta iso. Na kai rabi wurin aiki, manyan masana suka cinye ta ba wanda ya tambayi asalinta, abin da ba sa taɓa yi wa tsumma.

Shekarata huɗu ke nan a gidan adana kayan tarihi. A takarda mataimakiyar mai bincike ce ni. A zahiri ni ce mai dafa shayin da ta fi kowa ilimi a unguwar. To, bana Malam Hoshino, shugaban sashenmu, ya gano cewa akwai talakawa a ƙasar nan. Zai baje kolin tufafin manoman arewa a watan Afrilu, ya kuma tuna cewa wadda ke miƙo masa shayi 'yar arewa ce. Ya ce in na kawo abu guda da ya isa a rataye, sunana zai fito a littafin baje kolin, ƙarƙashin nasa, da ƙananan baƙaƙe.

Nan take na tuna da bodoko, shimfiɗar haihuwar gidanmu. Sau ɗaya na taɓa ganinta a buɗe, ina 'yar shekara tara, ranar da kika shanya ta a inuwar rumbu. Kafin ran nan na ɗauka shuɗi launi ɗaya ne. Ashe yana da 'ya'ya da jikoki. Faci kan faci, wani kamar sama bayan an ɗauke ruwa, wani kamar bayan kifi, wani ya yi duhu har ya koma baƙi. A gefe guda kuma akwai wani ƙyalle fari tas. Na gaya wa Malam shi ne mafi tsufa, shekaru sun cinye shuninsa ƙarƙaf. Ya ji daɗin maganar har ya rubuta ta a littafinsa.

Inna, ina roƙonki ki ba ni ita.

'Yarki,
Ritsuko

Sawabe, 23 ga Nuwamba

Ritsuko,

Na ga takardarki. Gwiwa tana nan, ita da sanyi sun ƙulla ƙawance. Ƙanƙara ta sauka a kan dutse, mun gama rataye kifi.

Sau biyu na karanta, sannan na ba Shigeru, ko idona ne ya lalace. Ya yi dariya har ya ƙware. Yau ni Tome! Shekara goma sha shida kina karatu, ashe tsumma ake koya muku?

Ke yarinya, abin da kike kira 'ya'ya da jikoki, mu talauci muke ce masa. Auduga ba ta fitowa a ƙasar nan. Saƙar rama muka sa rani da ɗari, tana cin fata, iska tana ratsa ta kamar rariya. Tsumman auduga kuwa jirgin ruwa ke kawo mana, wanda mutanen Osaka suka gama da shi. Kakarki Sayo takan ce ƙyallen da zai iya ƙunshe wake uku ba a yar da shi. Ina amarya a gidan baffanki na taɓa share wani cikin shara, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Shi ne kike so a rataye a bango, matan Tokyo su zo da jan baki suna cewa wayyo, 'yan arewa? Kin ma san abin da ya zuba a kan shimfiɗar nan? Ke kanki a kanta kika faɗo, ni na tare ki, kina tsala ihu ba tsayawa, kamar yadda kike rubutu yanzu.

In ƙanƙara ta narke Shigeru zai rushe tsohon gida ya gina mai rufin kwano. Matarsa a asibiti ta haifi yaranta biyu, ta ce ba ta son ƙuma a sabon gida. Za a ƙone duk abin da ke saman ɗaki. Na ce a ƙone. Gara wuta da idon baƙo.

Ki riƙa cin abinci. Ki yi aure.

Innarki, Tome

Tokyo, 30 ga Nuwamba

Inna,

Ina fatan kina lafiya. Maganar abinci na ji. Ɗaya maganar kuma ban ga wurin ba, ƙila tawada ce ta zube.

Ba za a sa sunan gida ba, ko na ƙauye. Za a rubuta "Lardin Aomori, ba a san mai aikin ba." Haka muke rubuta wa duk macen da ta yi shekara hamsin da allura a hannu, mun ƙware a kai.

Amma bari in ajiye Malam Hoshino a gefe. Tun da na karanta maganar wutar nan ban iya komai ba. Mama ta rasu ban gaji ko zare daga gare ta ba, gidanmu na nan ya ƙone da komai lokacin yaƙi. Shimfiɗar nan ce kaɗai abin da ya rage wanda na san ta kwanta a kansa, ta damƙe shi da hannunta. In kin ƙi bango, na ji. Ni ki ba, Inna. Ni nake so.

Ritsuko

Sawabe, 8 ga Disamba

Ritsuko,

Lafiya lau. To, da haka kika ce tun farko. Tunda ke ce mai so, taki ce. Ki ba ni wata guda in shirya ta yadda ake yi.

Tome

Tokyo, 12 ga Disamba

Inna, na gode, na gode. Amma mene ne "shiryawa"? Don girman kakanni kada ki wanke ta, kada ki ɗinke inda ya yage, ko ƙura kada ki kakkaɓe. Ki naɗe ta yadda take ki ba mai wasiƙu.

Ritsuko

Tokyo, 4 ga Janairu, 1970

Inna, barka da sabuwar shekara. Na ji shiru. Rediyo ya ce ƙanƙara ta rufe hanyarku tun tsakiyar Disamba. Ina fatan kuna da gawayi da shinkafa. Ina fatan kuma takardata ta riga ƙanƙarar isowa. Kada ki wanke ta.

Ritsuko

Sawabe, 15 ga Janairu

Ritsuko,

Barkanmu da ganin sabuwar shekara. Mun daka wainar shinkafa, na ci uku, Shigeru ya ce zan shaƙe, ban shaƙe ba. Takardunki biyu jiya suka iso tare, bayan an buɗe hanya. Hankalinki ya kwanta, ban wanke ta ba.

Ga ta nan cikin ƙunshin. Da kaina na ja ta a kan katakon jan kaya har gidan tsoho Genzo marini, gwiwa tana zagina ina zaginta. Kin tuna shi? Mai hannuwa shuɗi har gwiwar hannu, wanda kuke gudu kuna yara. Shekararsa tamanin da ɗaya. Randunansa huɗu da ke binne a ƙasa uku sun mutu, saura ɗaya, yana turara mata ƙaiƙayi a gindi kada sanyi ya kashe ta.

Da ya ga ƙunshin bai tambayi mene ne ba. Ya ce, "Tome, ke ma lokacinki ya yi?"

Na ce, "Kai da ka girme ni da sha biyu, rufe mini baki ka buɗe randa."

Ya ɗaga murfi, ya ture kumfar da ke kai, ya tsoma yatsa ya lasa. Ya ce, "Yunwa take ji. Ba zan ba ta aikin gidanku da yunwa ba." Ya zuba mata dusa da giyar shinkafa, mai kyau, irin wadda shi kansa ba ya sha sai da biki. Sai da na jira kwana uku.

Ran na huɗu ya wanke hannu, ya tafa sau biyu a gaban randa, muka kama ta ni da shi muka zura a hankali. Yana matsa ta a ƙarƙashin ruwan, idonsa a rufe. Da muka ciro ta kore ce shar, kamar gansakuka. Muka buɗe ta a iska. Ritsuko, shekara arba'in da biyar rabona da ganin abin nan, kuma har yau ban san yadda ake yi ba. Kana tsaye, ba wanda ya taɓa, shuɗi ya fara tasowa daga gefe yana cin koren, yana tafiya kamar inuwar girgije a kan gona. Ni da tsohon nan muka tsaya muna kallo har ya gama.

Sauran aikin naki ne. Ki rubuto in ta iso.

Tome

Tokyo, 22 ga Janairu

Inna,

Ina fatan kina lafiya. Ƙunshi ya iso.

Na yi wautar kwance shi a gaban Malam Hoshino da abokan aiki biyu, don in ga fuskokinsu. Na kuwa gani. Abin da ya fito ya sandare kamar busasshiyar fata, launinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, baƙi-baƙi mai laka, yana warin garke. Malam ya taɓa da yatsa biyu, yatsun suka yi shuɗi. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ce wa sauran, ba ni ba, "Kun ga abin da nake faɗa. Babban abokin gaban kayan talakawa shi ne talaka." Daga nan ya ce ko za a samu shayi.

An samu.

Gaskiya ne ba ki wanke ta ba. Ban yi tunanin in ce kada ki rina ba, kamar yadda ba a ce wa mai aron kwano kada ya ci kwanon. Abin da mata suka tara a shekara ɗari biyu, ke da tsoho Genzo kun shafe shi kafin azahar. Farin ƙyallen ma, wanda ya fi komai tsufa, ban iya gane inda yake ba. Idan kunyar tsumma ce ta sa kika yi masa sabuwar riga kafin ya zo birni, da kin bar Yaya Shigeru ya ƙone shi. Wuta ba ta cewa gyara take yi.

Tana ƙarƙashin teburina. Ban san abin da zan yi da ita ba.

Ritsuko

Sawabe, 14 ga Fabrairu

Ritsuko,

Lafiyata lau. Mako uku na ƙi ɗaukar alƙalami, don abin da zan rubuta a makon farko ba ya shiga ambulan. Na gaya wa kakarki Sayo a gaban allon tunawa da ita, da na kunna mata turare. Na ce ga jikarki mai digiri.

Na ɗauka kin sani. Da na tuna kina 'yar goma ubanki ya tafi da ku, sai na rage fushi. To buɗe kunne.

Shimfiɗar nan ba a ba da aronta, ba a kuma miƙa ta a bushe. In za ta bar hannun mace ta koma hannun wata, sai ta shiga randa. Mai bayarwa ita ke rinawa. Mai karɓa ita ke ɗaurayewa, a ruwa mai gudu, da hannunta. Abin da kike gani baƙi mai laka, toka ce da dattin randa. Da na ɗauraye miki, da na karɓi abin da na bayar. Shi ne kika kai wa malaminki aikin da ba a gama ba, har ya ci mutuncin mutane?

In ta ɗauraye, mai karɓa takan ɗinka nata ƙyallen a gefe, fari, wanda bai taɓa ganin baban rini ba, daga tufar da ta sha guminta. Fari zai zauna muddin shimfiɗar tana hannunta.

Farin nan da kika ce wa malaminki ya fi komai tsufa, nawa ne. Ni na shuka ramar, na jiƙa, na tsaga da farce, na murza, na saƙa, ina da cikin Shigeru. Shi ne autansu. Ki ce masa ya goge abin da ya rubuta. Ba rana ke cin shimfiɗar nan ba, a akwati take kwana. Wanda ya fi duhu shi ya fi shiga randa.

Ni ce ta bakwai. Kafin ni Sayo, kafin ta Iku, kafin ta Man. Sauran ukun ko a haikali babu sunansu, na tambaya. Launinsu kaɗai ya rage. Manyan facin tsakiya kuwa rigunan mutanen gidan ne da suka mutu, don jariri ya sauka a hannun danginsa.

Kin ce kunya. Ranar da muka buɗe ta a iska, ba shimfiɗar nake kallo ba, nawa nake kallo. Shekara arba'in da biyar yana fari, ina tsaye ya yi kore, ya yi shuɗi, ya shiga sahun sauran. Na dawo gida na kasa cin abinci. Ba baƙin ciki ba ne. Ban san sunansa ba, ke mai ilimi sai ki gaya mini.

Yanzu taki ce. Ki rataye, ki ƙone, ki yi tsumman goge tebur. Amma ki ɗauraye ta tukuna, kada toka ta cinye zaren.

Tome

Tokyo, 3 ga Maris

Inna,

Gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na fara wannan takarda da ban haƙuri iri huɗu, duk sun yi kyau da yawa, na yaga. Na yi rashin kunya. Ki yafe mini.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan takardarki na hau jirgin ƙasa na safe zuwa garin Ome, inda kogin Tama bai riga ya san Tokyo ba. Na cire takalma na shiga. Na san sanyi a littafi, har na taɓa rubuta shafi biyu a kan yadda matan arewa ke wanke zare a kogi cikin ɗari. Ina so in janye shafukan nan.

Na danne gefe ɗaya da duwatsu na saki sauran. Da farko ruwan laka ne ya yi ta fita. Sai wani siririn shuɗi ya biyo, kamar hayaƙi. Ina murzawa, ina tattakawa, hannuna ya daina zama nawa. Ban san lokacin da abin ya fara ba. Na dai ɗaga kai na ga ta kwance a ƙarƙashin ruwa tana motsi, kuma duk sun dawo. Kowane faci da nasa, auduga ta sha da yawa, rama ta sha kaɗan, ɗinkin yana bi ta kansu layi-layi kamar kunyoyin gona. Ba abin da ya ɓace. Zurfi suka ƙara.

Na shimfiɗa ta a kan duwatsu na bi gefen da yatsa. Bakwai ne, a jere, kowane bai fi tafin hannu ba. Naki kamar sama da hantsi. Na Kaka Sayo ya ɗara shi kaɗan. Haka suke sauka, taki bayan taki, har na ƙarshe, wanda ya yi baƙin da in rana ta buge shi sai ka ga ja-ja a ciki. Na ɗora hannu a kansa. Wata mace ce ta tsaga wannan da farcenta, tana da ciki ko tana goyo, ba ta san Tokyo ba, ba wanda ya riƙe sunanta, ga shi kuwa ina iya ƙirga inda allurarta ta shiga. Ni ma ban san sunan abin ba, Inna. Na zauna a kan dutse ƙafata tana jini ban lura ba.

Da ta bushe na kai wa Malam, na karanta masa takardarki, har da wurin da kika ce ya goge. Ya cire tabarau. Ya ce ita za a fara gani daga bakin ƙofa, gidan zai riƙe ta har abada a cikin gilashi, sunana kuma zai zauna kusa da nasa, baƙaƙe daidai wa daida. Ka'ida ɗaya ce, kuma na san ta, ni nake buga ta a takarda: abin da ya shiga gidan nan ba a ƙara masa, ba a rage masa.

Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Ban iya saƙa ba. Farar rigar aikina na yanka, daga baya, tsakanin kafaɗu, inda take jiƙewa da rani. Yini guda na yi a kan ƙyalle ɗaya, ni da na rubuta kundi a kan ɗinki.

Ranar Litinin ya duba gefen ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Nawa ne, Malam."

"Zai warwaru?"

"Zai warwaru. Ba zan warware ba."

"Kin san ba ma rataye abin da ba a gama da shi ba."

"Na sani."

Ya sake duban gefen. Sannan ya ce in nuna masa na matar farko. Na nuna. Ya gyara tsayuwa ya sunkuya mata, irin sunkuyawar da ban taɓa ganin ya yi wa mai rai ba. Daga nan ya ce in naɗe shimfiɗata, teburin ake buƙata. Littafin zai fito a Afrilu, ba ni a ciki.

Tana ɗakina yanzu, a akwatin da na fitar da littattafai daga ciki. Kafin in rufe na daɗe ina kallon farin nan kusa da naki. Ya yi haske da yawa, kamar baƙon da ya shigo ana tsakiyar hira. Ban san wadda za ta ɗauraye ta bayana ba, ban san ko a lokacin za a samu randa mai rai ba.

Ɗinkina ya karkace, Inna, ya yi tsalle-tsalle kamar sawun kaza. In warware in sake, ko naki ma haka ya fara?

'Yarki,
Ritsuko